Zagayen Mashigai Uku na Everest

Zagayen Mashigai Uku na Everest hanya ce ta tafiyar ƙafa a yankin Khumbu da ke gundumar Solukhumbu, a arewa maso gabashin ƙasar Nepal. Hanyar tana bi ta kwaruruka huɗu da ke gindin tsaunin Everest, tana ƙetare mashigai uku waɗanda kowannensu ya haura mita 5,300 daga saman teku, wato Kongma La, Cho La da Renjo La. Kalmar "la" a harshen Tibet da na Sherpa tana nufin mashigi, wurin da ya fi sauƙin ƙetarewa a kan doron tsauni tsakanin kwari da kwari. Tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 160, kuma akasarin matafiya kan kammala ta cikin kwana 18 zuwa 21. Idan yanayi na da kyau ba a buƙatar gwanintar hawan dutse da igiya. Babbar wahalar ita ce ƙarancin iskar da ake shaƙa a irin wannan tudu, kuma a kan haka ne ake tsara zangunan tafiyar baki ɗaya.

Wuri da tsayi

Kusan dukkan hanyar tana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Sagarmatha, wanda aka kafa a 1976, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,148 ne. Sagarmatha shi ne sunan Everest a harshen Nepal, mutanen Tibet kuwa suna kiransa Chomolungma. A 2020 Nepal da Sin suka sanar tare cewa tsayinsa mita 8,848.86 ne.

Garin Lukla, inda ake fara tafiyar, yana kan mita 2,860. Wannan ya zarce Chappal Waddi na Jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya (mita 2,419), ya kuma zarce ƙololuwar Bagzan a ƙasar Azbin, mafi tsayi a Nijar (mita 2,022). Garuruwan Jihar Sakkwato irin su Bodinga, Shagari da Kajiji ba su kai mita 400 ba. Ke nan wanda ya taso daga ƙasar Hausa yana fara tafiyar ne a tsayin da jikinsa bai saba da shi ba tun ranar farko.

Tarihi

Mazauna Khumbu 'yan ƙabilar Sherpa ne, mabiya addinin Buddha, waɗanda kakanninsu suka yi hijira daga gabashin Tibet kimanin shekara 500 da suka wuce. Sunan nasu ma yana nufin "mutanen gabas". Sun rayu a kan kiwon yak, wani nau'in shanu mai yawan gashi da jure sanyi, da noman dankalin turawa, da kuma fatauci. Ayarinsu kan bi kwarin Bhote Koshi su ƙetare mashigin Nangpa La zuwa Tibet, su kai hatsi su dawo da gishiri da ulu.

Nepal ta buɗe ƙofarta ga baƙi a wajen 1950. Ranar 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary ɗan ƙasar New Zealand da Tenzing Norgay ɗan Sherpa suka zama mutanen farko da aka tabbatar sun kai ƙololuwar Everest. Daga baya Hillary ya jagoranci gina makarantar Khumjung a 1961, filin jirgin Lukla a 1964, da asibitin Khunde a 1966. Filin jirgin ya rage tafiyar kwanaki masu yawa da ake yi a da kafin a iso Khumbu, masu yawon buɗe ido suka yawaita, masaukai suka bazu har ƙauyukan da a da makiyaya kawai ke sauka da damina. Samuwar waɗannan masaukai ce ta sa ake iya haɗa mashigan uku a tafiya ɗaya ba tare da ɗaukar tanti ba. A 2008 aka raɗa wa filin jirgin sunan Tenzing da Hillary.

Zangunan hanya

Ana isa Lukla ta ƙaramin jirgin sama daga Katmandu cikin kimanin rabin awa, ko daga Manthali a gundumar Ramechhap lokacin cunkoso. Titin saukar jirgin mita 527 ne kacal, kuma hazo kan sa a soke tashi na yini ɗaya ko fiye.

Daga Lukla ana bin kogin Dudh Koshi ta Phakding da Monjo, inda ƙofar gandun dajin take, zuwa Namche Bazaar (mita 3,440), cibiyar kasuwancin yankin, mai kasuwar da ke ci ranar Asabar. A nan ake kwana biyu don jiki ya saba. Daga nan sai Tengboche (mita 3,867), inda babban gidan ibadar 'yan Buddha na Khumbu yake. An gina shi a 1916, girgizar ƙasa ta rushe shi a 1934, gobara ta cinye shi a 1989, kuma duk an sake gina shi. Sai Pangboche, sai Dingboche (mita 4,410) inda ake sake hutun yini guda, sannan Chhukung (mita 4,730), zangon ƙarshe kafin mashigin farko.

Yawancin matafiya suna farawa da Kongma La a gabas su ƙare da Renjo La a yamma, domin ta haka ana hawa ne a hankali. Wanda ya fara ta yamma zai haura kimanin mita 1,000 a yini ɗaya zuwa Renjo La alhali bai daɗe a kan tudu ba.

Mashigan uku

*Kongma La* (kimanin mita 5,535) shi ne mafi tsayi. Yana tsakanin Chhukung da Lobuche (mita 4,940), kuma babu masauki ko shago a tsakani, don haka sai an ɗauki ruwa da guzurin yini. Bayan gangarowa sai an ratsa kogin ƙanƙara na Khumbu, wato ƙanƙara mai kauri da ke motsi a hankali, wadda tsakuwa da duwatsu suka rufe samanta. Daga Lobuche mutane da yawa kan ratse zuwa Gorak Shep (mita 5,164), su ziyarci sansanin masu hawan Everest (mita 5,364), su kuma hau tudun Kala Patthar don hango ƙololuwar.

*Cho La* (kimanin mita 5,420) yana tsakanin Dzongla da Thagnak. A gefensa na gabas ana tafiya a kan ƙanƙara tsantsa, shi ya sa ake ɗaura wa takalma ƙananan ƙusoshin ƙarfe. Gefen yamma gangare ne mai tsauri inda duwatsu kan gangaro idan rana ta yi zafi, don haka ake sammako. Daga Thagnak ana ratsa kogin ƙanƙara na Ngozumpa, mafi tsawo a Nepal (kimanin kilomita 36), zuwa ƙauyen Gokyo da ke bakin tafki. An sanya tafkunan Gokyo cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2007. Daga tudun Gokyo Ri (mita 5,357) ana ganin huɗu daga cikin tsaunukan duniya da suka haura mita 8,000: Everest, Lhotse, Makalu da Cho Oyu.

*Renjo La* (kimanin mita 5,360) yana yamma da Gokyo. Daga kansa hanya ke gangarawa ta matakalar duwatsu zuwa Lungden, ta shiga tsohuwar hanyar fatake ta Bhote Koshi, ta bi ta Thame (mita 3,800) ta koma Namche. Thame ne garin Apa Sherpa, wanda ya hau Everest sau 21.

Ciwon tudu

Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin ɗari ne a ko'ina. Nauyin iskar ne ke raguwa yayin da ake hawa, har a mita 5,500 numfashi ɗaya yana kawo kusan rabin oksijin da yake kawowa a bakin teku. Jiki yana sabawa ta hanyar ƙara yawan numfashi, daga baya kuma ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma hakan na ɗaukar kwanaki.

Ciwon tudu kan fara bayyana daga mita 2,500. Alamominsa ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, jiri da kasala. Idan aka ci gaba da hawa a haka, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowannensu na iya kisa cikin ɗan lokaci. Haki ko da ana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi da ruɗewa alamu ne na a sauko nan take, ko da cikin dare ne. Shawarar likitoci ita ce, bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Maganin acetazolamide yana taimaka wa jiki ya saba, amma ba ya maye gurbin saukowa. Ƙarfin jiki da ƙuruciya ba sa kare mutum daga wannan ciwo. Ƙungiyar Ceto ta Himalaya, wadda aka kafa a 1973, tana da ƙaramin asibiti a Pheriche, kusa da Dingboche.

Akwai ƙarin haɗari ga mutanen Afirka ta Yamma. Ƙarancin oksijin yana sa jajayen ƙwayoyin jinin mai cutar sikila su lanƙwashe su toshe jijiyoyi, don haka irin wannan tsayi bai dace da mai jinin SS ba. Mai jinin AS ma, wanda kan rayu lafiya a gida, yana iya samun toshewar jini a saifa idan ya hau tudu, abin da ke zuwa da ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da jinin AS, shi ya sa gwajin jini da ganin likita suke da muhimmanci kafin tafiya.

Lokacin tafiya da haɗurra

An fi yin zagayen daga Maris zuwa Mayu, da kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Damina tana sauka daga Yuni zuwa Satumba da gajimare da zaizayar ƙasa, a hunturu kuwa dusar ƙanƙara kan toshe mashigan. Ko a lokaci mai kyau yanayi na iya juyawa. A Oktoban 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe mutum fiye da 40 a yankin Annapurna na Nepal, da yawansu a kusa da mashigin Thorong La. A Agustan 2024 tafkin ƙanƙara ya ɓalle a saman Thame, ambaliya ta rushe gidaje da masaukai a garin.

Masauki, abinci da izini

Matafiya suna kwana a masaukan da iyalan Sherpa ke gudanarwa. Ɗakin cin abinci kaɗai ake ɗumamawa, da murhun da ake hurawa da busasshen kashin yak a ƙauyukan da ba itace. Babban abinci shi ne dal bhat, shinkafa da miyar wani ƙaramin wake da ganye. Ba a yanka dabba a Khumbu saboda addinin mazauna, naman da ake sayarwa daga ƙasa ake ɗauko shi, don haka matafiya da yawa kan haƙura da shi. Kaya suna hawa a bayan 'yan dako da dabbobi, farashi kuma yana ƙaruwa gwargwadon tsayi.

Ana buƙatar takardar shiga gandun dajin da ta ƙaramar hukumar Khumbu Pasang Lhamu, wadda ta ci sunan macen Nepal ta farko da ta kai ƙololuwar Everest a 1993. Kwamitin Yaƙi da Gurɓatar Muhalli na Sagarmatha, wanda aka kafa a 1991, shi ke kula da kwashe shara a kan hanyoyin yankin.