Ƙarfen Karen Mota

Yaran da suka shigo harkar tirela a 'yan shekarun nan, da zarar taya ta fashe sai su ɗora laifin kan hanya ko kan tayar gwanjo. Mu da muka tsufa a aikin ba mu musun lalacewar hanya, amma mun san abin da aka yi watsi da shi. A da, duk inda mota ta tsaya, Tafa ne ko Mokwa ko Mararrabar Jos, karen mota ba ya zama gaban mai shayi sai ya zagaye ta da guntun ƙarfe, yana bugun tayoyi ɗaya bayan ɗaya, har na ciki da ido ba ya kai wa. Mai cikakkiyar iska takan amsa da ƙara tsaf, wadda ta yi sanyi kuwa ƙararta a dakushe take. Sannan ya kara bayan hannunsa ya ji zafinta. Yaron da ya raina wannan aikin, ubangida ba ya ba shi sitiyari.

Dalilin a fili yake: iska ce ke ɗauke da kaya. Tayar 315/80R22.5 mai lamba 156/150 an yi ta ne ta ɗauki kilo 4,000 in ita kaɗai ce, kilo 3,350 kowacce in an goya su biyu, kuma sai in iskarta ta cika. Da iskar ɗaya ta ragu, nauyin ya koma kan 'yar'uwarta, ita kuma gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har roba ta rabu da waya. Ramin da motar ta faɗa ƙarasa ta kawai ya yi.

Za a ce ƙarfe ba ya faɗin awo. Gaskiya ne, geji ya fi shi, musamman da safe kafin taya ta ɗumama. To amma masu faɗin haka, gejin nawa ne a motocinsu? An ajiye ƙarfen, ba a ɗauki komai ba. Har ma an ƙirƙiro mugun hali na sace wa taya iska da tsakar rana, wai kada zafi ya fasa ta, alhali hauhawar iska a taya mai zafi abu ne da masu ƙera ta suka riga suka lissafa, kuma ragewar ce ke ƙara mata zafin.

Batun gwanjo ma akwai ƙamshin gaskiya. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, tsofaffin tayoyi suka cika kasuwa, kuma ba kowa ke duba lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar ƙira ba. Sai dai tsohuwar taya ita ta fi buƙatar a riƙa duba ta, sabuwa dal kuma ba ta tsira in an labta mata abin da ya wuce lambarta. Tun da jirgin ƙasa ya ja baya wajen ɗaukar manyan kaya, kusan komai ya dawo kan tirela: siminti, hatsi, shanu, wani lokaci har da mutane a saman buhuna. Ƙasashen Yammacin Afirka na ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar, sun kafa dokar awon nauyi tun 2005, amma a tashoshinmu mai kaya da ɗan kamasho ne ke yanke yawan lodi, kuma direban da ya ce ya isa, gobe an miƙa makullin ga wani.