Shekara Guda A Kan Teku: Jirgin Yaƙin NNS Nigeria Daga Mayun 1967 Zuwa Mayun 1968

Makalar wannan mako za ta kai mu inda yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba, wato kan teku. Mun san wani zai ce me ya haɗa mutumin Gumel ko Sule Tankarkar da jirgin ruwan yaƙi, mu da ruwan da muka sani bai wuce na rijiya da na kududdufin da ke ƙafewa kafin bazara ba. To a yi haƙuri a biyo mu.

Duk wanda ya san Gagarawa ya san akwai Gari akwai Tasha. Tashar nan ta jirgin ƙasa ce, a kan layin dogon da ya tashi daga Kano ya dangana da Nguru a 1930. Gyaɗar da kakanninmu suka noma, idan aka yi lodinta a tarago, ba a Kano take kwana ba. Takan yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 har tashar jiragen ruwa ta Apapa, daga can a zuba ta a jirgi a yi Turai da ita. Kuɗin harajin manomi da na lefen ɗansa, duk ta bakin teku suke shigowa ko da bai taɓa ganin tekun ba. Shi ya sa a ƙarshen Yulin 1966, lokacin da sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa suna kiran "araba", cikin hujjojin da aka kawo musu don su haƙura har da cewa Arewa ba ta da teku, idan ta ware dole ta roƙi hanya a wajen wasu. Bayan shekara guda sai aka ɗauki wannan makami da aka tsoratar da mu da shi, aka yi amfani da shi a kan Gabas. Jirgin da ya jagoranci wannan aiki shi ne NNS Nigeria.

A ƙasar Holan aka ƙera shi, a kamfanin Wilton-Fijenoord, ya fara aiki a 1965. Tsawonsa kusan mita 110, wato ya ɗan ɗara filin ƙwallo, nauyinsa idan ya cika kaya kusan tan 2,000, kuma mutanen da ke aiki a cikinsa sun haura 200. Babbar igwarsa mai baki biyu ce, faɗin kowane baki inci 4, sai ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama da makamin farautar jirgin ƙarƙashin ruwa. A ma'aunin manyan ƙasashe ba wani jirgin a-zo-a-gani ba ne. Amma a wajenmu shi ne babba kuma shi kaɗai ne irinsa, domin rundunar sojan ruwan ma a 1956 aka kafa ta, kuma sai a 1964 ɗan ƙasa na farko, Kwamado Joseph Wey, ya karɓi shugabancinta daga hannun Turawa.

Kafin mu shiga labarin yaƙi, bari mu leƙa cikin jirgin, don a nan abin da ya fi jan hankalinmu yake. Jirgin yaƙi ƙaramin gari ne wanda ba a barci a cikinsa gaba ɗaya. Tsarin da sojan ruwanmu suka gada daga na Ingila ya raba yini zuwa gadi-gadi na awa huɗu huɗu, ban da na ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 na dare, wanda ake tsagawa gida biyu, awa biyu biyu. Hikimar tsagawar ita ce adadin gadin ya zama mara, ta yadda wanda ya yi tsakar dare yau ba shi zai sake yi gobe ba. Kwamanda shi ne mai jirgi, kuma duk abin da ya faru a kansa yake, ko yana barci ya faru. Mataimakinsa ke riƙe da horo da tsabta da rabon aiki. Daga nan sai sassa: masu tuƙi da duba taswira, 'yan igwa, masu sadarwa, masu kula da abinci da kayan ajiya, sai 'yan ɗakin inji da ke can ƙasa cikin zafi da ƙara, waɗanda za a iya gama artabu ba su ga ko walƙiyar harbi ba. Kowane mutum yana da aikinsa na kullum, yana kuma da wurin da zai ruga ya tsaya da zarar an yi shelar shirin faɗa. Mai dafa abinci na iya zama mai miƙa harsashi ko mai ɗaukar wanda ya ji rauni. Ruwan sha kuwa da awo ake bayarwa, duk da cewa ruwa ne ta ko'ina. Wannan kam mutanen ƙasarmu ba sai an yi musu dogon bayani ba.

A irin wannan tsari, rashin mutum goma da suka san aiki ya fi lalacewar igwa ciwo. Kuma abin da ya samu rundunar ke nan. Bayan kashe-kashen 1966, hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas da dama sun bar Legas sun koma gida, cikinsu har da masu sanin inji da lantarki da sadarwa. Wani ƙaramin jirgin sintiri mai suna NNS Ibadan, wanda ke aiki a ruwan Gabas, shi ma ya faɗa hannun 'yan aware. Da ragowar mutanen aka shiga yaƙi, Kyaftin Nelson Soroh na riƙe da NNS Nigeria.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12. A ranar ce Gumel ta koma ƙarƙashin Jihar Kano ta Audu Bako, kuma a ranar ce aka yanke Jihar Ribas da ta Kudu Maso Gabas daga jikin yankin Gabas, wato duk gaɓar tekunsa. Gwamnan da aka naɗa wa Ribas ma matashin sojan ruwa ne, Alfred Diete-Spiff. Bayan kwana uku, ranar 30 ga Mayu, Ojukwu ya ayyana Biyafara. Gwamnatin Legas ta ba da umarnin datse hanyar ruwa, kuma tun kafin a yi harbin farko a tudu ranar 6 ga Yuli, jiragen ruwa sun riga sun fara sintiri a bakin gaɓa.

Aikin datse hanya ba shi da daɗin ba da labari. Kai da komowa ne dare da rana, a tsayar da jirgin 'yan kasuwa, a tambayi inda ya nufa, a juya shi ko a tasa ƙeyarsa zuwa Legas, a dawo a sha mai a sake fita. Amma kuɗi na wajen. Ojukwu ya nemi kamfanin Shell-BP ya riƙa biyan Biyafara kuɗin man da ake haƙowa a yankinta, kamfanin kuwa ya amince zai ba da kafin alƙalami na fam 250,000. Da Legas ta ji haka sai ta faɗaɗa takunkumin ya haɗa da jiragen dakon mai. Daga nan hankali ya koma kan Bonny, tsibirin da ke bakin kogin da ake bi a shiga Fatakwal, inda tashar lodin ɗanyen mai take. Wanda ya riƙe Bonny ya riƙe maƙogwaron Fatakwal.

A ƙarshen Yuli aka kai farmakin, ranakun 25 da 26. Ba a taɓa jin wata ƙasar baƙar fata mai 'yanci ta ɗauki dakaru ta teku ta sauke su a gaɓar abokan gaba irin haka ba. Sojojin ƙasa na Laftanar Kanar Benjamin Adekunle ne, waɗanda daga baya aka sani da runduna ta uku ta kwamandojin ruwa. An ɗebo su daga Legas a jirgin sauke dakaru NNS Lokoja da jiragen 'yan kasuwa da aka ara. Cikin masu tsara shirin akwai wani Bature, Kwamanda James Rawe, wanda ya halarci saukar da sojojin ƙawance suka yi a Nomandi ta Faransa a 1944, ya kuma yi shekaru yana auna zurfin ruwan gaɓar Najeriya. Ilminsa ya yi rana, domin a irin wannan wuri yashi na ƙarƙashin ruwa ya fi igwar abokan gaba haɗari. Sai an san lokacin cikar ruwa da na janyewarsa, an san inda babban jirgi zai wuce da inda zai kafe. NNS Nigeria ne jirgin umarni, ƙananan jirage su ne suka kutsa gaba. A nan NNS Ogoja, ƙarƙashin Akin Aduwo, ya yi arba da tsohon NNS Ibadan ya yi masa illar da ta tashe shi daga aiki. Mutanen jiragen biyu rigarsu ɗaya shekara guda kafin wannan rana, wasu ma tare aka horar da su.

Mukan yi tunanin kurtun da ya taso daga ƙauye irin namu, wanda bai taɓa hawa ko kwale-kwale ba, a ce yau ga shi a cunkushe cikin jirgi, igiyar ruwa na jijjiga shi, ciki na juyawa, gobe da asuba kuma a ce ya dira cikin taɓo ya yi faɗa. Littattafan yaƙin sun fi ambaton manyan hafsoshi, irin wannan yaro sai dai a ƙirga shi cikin bataliya.

Ba a gama murnar Bonny ba sai sojojin Biyafara suka tsallaka gadar Neja ranar 9 ga Agusta, suka kama Benin, suka danna har Ore. Dole aka juyo da jiragen ruwa yamma, suka kai dakarun Adekunle ta Escravos aka kama Warri da Sapele da Koko a watan Satumba, yayin da runduna ta biyu ta Murtala Muhammad ta ƙwato Benin ta tudu.

Watan Oktoba shi ne watan da ya kamata mu tsaya a kansa, don abu biyu sun faru kusan lokaci guda. A Kalaba, ranar 18 ga wata, jiragen ruwa sun shiga kogi, igwar NNS Nigeria ta yi ruwan wuta a kan wuraren tsaron gaɓa, aka sauke dakaru, garin ya faɗi cikin 'yan kwanaki. A Asaba kuwa, Murtala ya dage sai ya haye Neja kai tsaye zuwa Onitsha da jiragen fito, duk da shawarar hedikwata cewa ya zagaya ya tsallaka ta Idah inda babu abokan gaba. Sau uku ana gwadawa, sau uku ana komowa da asarar rayuka da kayan yaƙi mai yawa, kuma Onitsha ba ta shiga hannu ba sai a Maris 1968, bayan an bi ta Idah ɗin. Murtala namu ne, muna ƙaunarsa, Allah ya jiƙansa. Babu mai shakkar jarumtarsa ko ta yaransa. Amma tsallaka ruwa da dakaru sana'a ce mai zaman kanta, tana buƙatar masu auna ruwa da masu kare jirgi da igwa da masu lissafin lodi, kuma a Kalaba akwai su, a Asaba babu.

Daga nan aikin jirgin ya koma rakiya da dako: kai sojoji da abinci da albarusai Bonny da Kalaba, dawo da masu rauni, da ci gaba da tsare bakin teku. Biyafara ta yi ta ƙoƙarin ƙwato Bonny ba ta samu ba. A watan Mayun 1968 Fatakwal ta faɗi, da tasharta ta ruwa da filin jirgin samanta da matatar manta. Kusan shekara guda bayan ayyana ta, Biyafara ta zama ƙasar da ba ta da teku, makwabciyarta Kamaru ta Ahmadu Ahidjo kuma tana goyon bayan Legas. Abin da ya rage mata shi ne wani yankin titin mota a Uli da aka mayar filin saukar jirgi, inda jiragen agaji da na makamai ke sauka da dare.

Nan ne labarin ke da nauyi a baki. Datse hanyar da ya hana makamai shiga shi ne ya hana busasshen kifi da gishiri da magani shiga. Yankin ya dogara da kifin da ake kawowa daga waje da shanun da ake korawa daga Arewa, duka biyun kuma suka yanke. Daga tsakiyar 1968 hotunan yara masu kumburarren ciki da jan gashi suka cika jaridun duniya. Alƙaluman mamata sun bambanta ƙwarai, daga 500,000 har zuwa miliyan 2, amma babu saɓani a kan cewa yunwa ta fi harsashi kisa, kuma yara ta fi ɗauka. Ana ta jayayya har yau a kan rabon laifi tsakanin Legas da ta rufe hanya da Ojukwu da ya ƙi yarda da hanyar agaji ta ƙasa. A ganinmu duk wanda zai yaba wa ƙwarewar sojan ruwanmu a wannan shekara, kuma ta cancanci yabo, dole ya ambaci waɗannan yara a numfashi guda.

Mu a nan mun ɗan ɗanɗana ƙanƙanin abin. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka bisa takunkumin ECOWAS, kasuwar Alhamis ta Maigatari ta yi sanyi, 'yan uwanmu na tsallake, waɗanda kayansu ke biyowa ta tashoshin ruwan wasu, suka ga tsadar abinci da ƙarancin magani. Ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Wata bakwai da 'yan kwanaki ke nan, babu yaƙi, kuma hanyoyin daji na nan a buɗe ga mai babur. Na Biyafara ya kai wata 30 da ɗoriya, har zuwa miƙa wuya a Janairun 1970.

Soroh ya zama shugaban sojan ruwa a 1973, Aduwo ma ya riƙe kujerar daga 1980. Shi kuwa jirgin, da aka sayo wanda ya fi shi daga Jamus a farkon shekarun 1980, sai aka sauya masa suna zuwa NNS Obuma aka mayar da shi na koyar da sababbin sojoji. Sabon da ya gaje shi, da Hausa aka raɗa masa suna: NNS Aradu.