GRB2: Tarihin dillalin da ke cikin ƙwayar halitta

A shekarar 1988, a Jami'ar Rockefeller da ke New York, Hidesaburo Hanafusa da ɗalibinsa Bruce Mayer suka ci karo da abin da ya ɗaure musu kai. Suna binciken wani bairos mai sa wa kaji ciwon daji, sai suka tarar furotin ɗinsa, wanda suka raɗa wa suna Crk, ba ya sarrafa komai. Maƙalewa kawai ya iya. To ta ina ciwon yake fitowa? A lokacin, hankalin masana duk yana kan furotin masu liƙa wa 'yan uwansu sinadarin fosfet, su ake ɗauka manyan gari.

Ashe Tony Pawson, Bature ɗan Ingila mazaunin Toronto, ya riga ya share fage. A 1986 ya gano wani sashe na furotin da aka kira SH2, wanda daga baya aka tabbatar yana cafke gurbin da aka liƙa wa fosfet a kan sinadarin tairosin.

A 1992 tawagar Joseph Schlessinger ta Jami'ar New York ta bayyana wani furotin mai maƙalewa, GRB2 na ɗan Adam. Ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 17, shi kuwa ɗan ƙarami ne, amino asid 217 kacal: SH2 ɗaya a tsakiya, wasu sassa biyu masu suna SH3 a gefe da gefe. Idan saƙon girma ya iso bangon ƙwayar halitta, sai GRB2 ya kama mai karɓar saƙon da tsakiyarsa, ya janyo furotin SOS da gefunansa, SOS kuma ya tayar da wani furotin mai suna Ras, umarnin rabuwa ya wuce ciki. Dillali ke nan, ba shi da haja, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa.

Abin burgewa shi ne yadda shaidu suka zo daga inda ba a zata ba. A 1992 ɗin dai, ɗakin binciken Robert Horvitz ya samu takwaran GRB2 a jikin wata 'yar tsutsa, a 1993 kuma aka same shi a ƙudan 'ya'yan itace. Ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwayar gado kuwa tun suna ciki suke mutuwa.

Matsalar GRB2 ɗaya: ba ya tantance wanda ya aiko shi. A wani nau'in sankarar jini, gurɓataccen furotin BCR-ABL yakan riƙe GRB2 gam, Ras ya yi ta aiki babu hutu, fararen ƙwayoyin jini su yi ta ninkuwa.