Nauyin Kunama: Daga Bindigar Toka Zuwa Ta Zamani A Yammacin Zamfara

A wannan makon zan ɗan jingine labaran da muka saba, in taɓo tarihin wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, wato kunamar bindiga. Ni dai a ganina Bahaushe bai yi kuskuren suna ba, domin kunama da ɗan motsi take harbi, zafin kuwa sai wanda ya sha.

Kowace kunama tana da nauyinta, ma'ana ƙarfin da yatsa zai sa kafin bindiga ta tashi. Tun da daɗewa maƙeran Turai suka gano dabarar sassauta ta, har ta kai ana ɗan shafa ta sai harbi. Irin waɗannan ƙananan bindigogi ne, ƙirar Wogdon na Landan, aka riƙe ranar 11 ga Yuli 1804 a Amurka, lokacin da mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr ya harbe Alexander Hamilton.

To mu fa a wannan shekarar? A watan Yunin 1804 aka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto tsakanin Gobirawa da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma baka da kibiya ne suka raba gardama. Bindiga ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa ta Sahara da ta bakin teku, amma ba kayan kowa ba ce. Sai daga baya sarakuna irin su Tanimu na Damagaram suka tara ta da yawa, har da ƙera igwa a Zinder. Da Turawa suka ga haka, a 1890 suka ƙulla yarjejeniyar Brussels wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Su kuma suka zo da mai ruwan harsashi, suka ci Sakkwato a watan Maris 1903.

Abin da ya rage a hannun maharban Anka, Gummi da Bukkuyum shi ne bindigar toka, wadda maƙerin gari ke gyarawa. Duk wanda ya san ta ya san ba ta da gaggawa. Sai ka ɗura albarushi, ka danna, ka sa dalma, ka ɗana, sannan harbi ɗaya tal. Shi ya sa ake mata kirari da harba-ka-ruga. Wannan jinkirin, jama'a, shi ne nake ganin ya tsare rayuka da dama, domin kafin mai fushi ya gama ɗuri, wani dattijo ya riƙe masa hannu.

Dokar bindigogi ta 1959 ta bi wannan bambanci. Ta bar bindigar toka ga mai lasisin 'yan sanda, ta sa ƙaramar bindiga irin su libarba cikin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, ta kuma hana ƙira ko gyara ba tare da izini ba.

Ko a ƙasashen da ƙaramar bindiga ta zama ruwan dare, ba su ɗauki nauyin kunama da wasa ba. Bindigar Glock tana fitowa daga kamfani da kunama mai nauyin wajen kilo 2.5, amma 'yan sandan birnin New York suka shafe shekaru suna riƙe da wadda aka ƙara wa nauyi zuwa sama da kilo 5, don gudun harbin firgita. A 2021 suka fara ba sababbin ɗauka mai sauƙi, a kan hujjar cewa mai nauyi tana karkatar da saiti. Ko a gasar Olamfik ba a yarda kunamar ƙaramar bindigar iska ta gaza giram 500 ba.

A yammacin Zamfara kuwa ba maƙeri ne ya sassauta kunama ba, zamani ne. Bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka bazu a yankin Sahel, AK-47 ta cika dazukanmu. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin suka ce an kashe kimanin mutum 200, gwamnati ta ce 58. A watan Yunin shekarar gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, ta yi alkawarin fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, 'yan sanda suka ce dakatar da ba da lasisi na nan daram. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara.

Ba na ganin laifin wanda aka ƙone wa rumbu in ya nemi abin kare kansa. Sai dai ina roƙon matasanmu na sa-kai da Askarawa, kada wani ya kai wa maƙeri bindiga a sassauta mata kunama don a ce shi mai zafin nama ne. Bindiga irin wannan kan tashi a kan babur, ko in ta faɗi ƙasa, kuma wanda ke kusa da kai ta fi samu, ƙaninka ko abokin sintirinka. Harsashi kamar magana ne, zarar bunu. Jinkirin da bindigar toka ta tilasta wa kakanninmu, yanzu sai dai mutum ya nemo shi a zuciyarsa.

Allah ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.