BABI NA UKU: TARIHIN SARRAFA YATSU A KAN TSIRKIYA A ƘASAR DAURA, DAGA GURMI ZUWA JITAR BES

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar Daura da sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a dubi yadda makaɗin tsirkiya yake horar da yatsunsa, tun daga kan garaya da gurmi da molo har zuwa jitar bes, wato jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin amo wadda ta shigo daga Amurka. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, gwanintar yatsa da ake nema wajen mai bes ta daɗe a hannun Bahaushe, amma tarihin sarauta da na iyaka da na kasuwar kaset ya hana gwanintar biyu haɗuwa a ɓangaren Nijeriya, alhali kuwa sun haɗu a ɓangaren Nijar.

3.1 Matsayin Tsirkiya a Masarautar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5 na Jihar Katsina: Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa. Kiɗan fadarta, kamar na sauran fadojin ƙasar Hausa, ya ginu ne a kan ganguna da kayan busa, irin su tambari da kakaki da algaita. Su ne ake ji ranar hawan salla da lokacin Sallar Gani. Kayan tsirkiya kuwa na bayan fada ne. Garaya ta maharba ce da 'yan bori, gurmi na 'yan kokawa da samari, molo na hira da yabo, goge da kukuma na dandali da gidajen wasa. Girgam, littafin tarihin Daura, jerin magajiyoyi da sarakuna ya adana, bai adana sunan mai garaya ba. Saboda haka mai nazarin wannan fanni dole ya karanta tarihin daga jikin kayan kiɗan da kuma hannun masu kaɗa su.

Akwai wani al'amari na siyasa da ya shafi wannan batu. Bayan jihadi, wajejen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi mulkin birnin Daura, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Ɓaure, inda suka yi kusan shekara 100 suna hulɗa da Damagaram. A 1906 Turawan Ingila suka mayar da gidan Haɓe kan gadon sarauta ta hannun Malam Musa. A daidai waɗannan shekaru ne kuma Ingila da Faransa suka shata iyakar da ta raba Daura da Damagaram. Iyakar ta raba hukuma, amma makaɗa sun ci gaba da bin kasuwanni da bukukuwa ta ɓangarorin biyu, kamar yadda kasuwar Mai'aduwa take tara mutanen ƙasashen biyu.

3.2 Ƙirar Kayan Kiɗan da Abin da Take Nema Daga Yatsa

Masana irin su Ames da King, a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, sun rarrabe waɗannan kaya dalla-dalla. Garaya tana da tsirkiya 2 da ƙoƙon itace wanda aka rufe da fata, ana kuma kaɗa ta da ɗan guntun busasshen ƙirgi. Babbarta, mai ƙoƙon duma, ita ake kira komo. Gurmi ƙwarya ce da aka rufe da fata, da sanda da ta ratsa ta, da tsirkiya 2 ko 3, ana kaɗa shi da yatsu tsirara. Molo yana da tsirkiya 3 da dogon ƙoƙo na itace. Kuntigi kuwa tsirkiya 1 tak gare shi.

Abin lura a nan shi ne dukansu sandarsu mulmulalliya ce, ba ta da wata gaɓa ko alama da za ta nuna wa yatsa inda zai danna. Ana ɗaure tsirkiya ne da zoben fata a jikin sandar, in ana son ƙara tsinin amo a ja zoben sama, in ana son kauri a sassauta. Ke nan hannun hagu da kunne yake gani. Idan yatsa ya kauce da faɗin ƙwayar gero, amon ya gurɓace, kuma duk wanda ke wurin zai ji. Daɗin daɗawa, Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Mai gurmi yakan sa tsirkiya ta bi hawa da saukar kalmomin taken ɗan kokawa, har 'yan kallo su gane wanda ake kira tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Wannan ne ma'aunin ƙwarewa na farko: tsirkiya ta yi magana.

Hannun dama shi ke riƙe da rauji. A nan ne aikin ya fi wuya, domin abin da ake so shi ne ɗorewa. A wajen wasan bori kowane iska da takensa, Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, Inna da nata, kuma mai garaya zai yi ta maimaita gajeren kari guda ɗaruruwan sau ba tare da ya yi gaba ko ya yi baya ba, masu caki suna biye da shi. Anthony King, wanda ya yi nazarin kirarin bori a Katsina a shekarun 1960, ya nuna yawan waɗannan iskoki da jerin da ake bi wajen kiransu. Wanda wuyan hannunsa ya sage, ba zai kai tsakar dare ba. Saboda haka gwanaye suke sakin hannu ya faɗo da nauyinsa a kan tsirkiya, maimakon a finciko ta da ƙarfin yatsa.

A al'adance ba a koyar da wannan da bayanin baki. Yaro yakan fara da abin wasa na gwangwani da kara, in ya shiga ƙungiya ya fara da amshi ko kaɗa caki, ya daɗe yana kallon hannun maigidansa kafin a miƙa masa kayan. Kafin nan karin ya riga ya zauna masa a jiki, sauran aiki na kanta ne, wato taurin fatar bakin yatsa da ke zuwa bayan bororo ya fashe ya warke. Ana iya ganin wannan hanya tana da jinkiri, amma tana da hikima: an fara gina lokaci, sannan aka ɗora sauri a kansa.

Misali mafi shahara na abin da yatsa zai iya yi da ƙaramin kaya shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos (1946 zuwa 2015). Kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya, tsirkiya 1, ba shi da 'yan amshi ba shi da ganga. Duk da haka a waƙoƙi irin su ta Karen Mota, tsirkiyar nan guda ita ce amshi, ita ce ganga. Ɗanmaraya ba mutumin Daura ba ne, amma rediyon Kaduna da kaset sun kai kiɗansa ko'ina a Arewa, har Daura da ƙauyukanta.

3.3 Jitar Bes

An fara gwada ƙera bes mai amfani da lantarki a Amurka tun shekarun 1930, amma wadda ta karɓu ita ce ta Leo Fender, mai suna Precision, wadda ta fito a 1951. Tsawon tsirkiyarta daga jaki zuwa wuya inci 34 ne, kimanin santimita 86, tsirkiyoyin kuma na ƙarfe ne masu kauri. Sunan nata yana nufin daidaito, domin an jera mata gaɓoɓin ƙarfe a wuya, ta yadda in aka danna a bayan gaɓa amon zai fito daidai. Wato an ɗauke wa hannun hagu nauyin da mai gurmi ke ɗauka da kunne, amma an ɗora masa wani: tazarar gaɓoɓin tana da faɗi, dole a horar da yatsu 4 su buɗe, har da autan yatsa wanda ya fi kowanne rauni.

A hannun dama, koyarwar da aka fi bi ita ce a jingina babban yatsa, a riƙa jan tsirkiya da manuni da na tsakiya bi da bi, kowanne ya sauka a kan tsirkiyar da ke kusa. Akwai kuma aikin kashe amo, domin na'urar ƙara sauti tana fito da ƙugin duk tsirkiyar da aka bari sake. Sai dai manyan gwanayen kansu ba su tsaya kan wannan ƙa'ida ba. James Jamerson na kamfanin Motown da manuni kaɗai ya yi yawancin aikinsa. Larry Graham, a shekarun 1960, ya fito da dukan tsirkiya da gefen babban yatsa da fizgo ta da manuni, saboda ya cike gurbin mai ganga da ba su da shi. Jaco Pastorius kuwa cire gaɓoɓin jitarsa ya yi a shekarun 1970 don ya sami 'yancin zamewa tsakanin amo da amo. Duk wanda ya san gurmi zai ga cewa waɗannan mutane uku sun koma ne ga matsalolin da makaɗin ƙauye yake fama da su kullum: yatsa guda, tsirkiya a madadin ganga, da sanda marar gaɓa.

A nan ya kamata a yi hattara. Wasu sukan yi saurin cewa daga gurmi jita ta samo asali. Hujjar da ake da ita ta banjo ce, wadda bayin Afirka suka ƙera a tsibiran Karebiyan, Hans Sloane ya gan ta a Jamaika a 1687 zuwa 1688. Masana sun nuna kamanninta da kayan tsirkiya masu ƙoƙon duma na Afirka ta Yamma, musamman akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, wanda ake duka da bayan farce a kama da babban yatsa, kuma sukan ambaci gurmi cikin danginsa. Bes kuwa daga jitar Turai da babban gogen Turawa ta fito. Kamannin da ke tsakaninta da gurmi na aiki ne: kowannensu gajeren kari yake riƙewa ana gini a kansa.

3.4 Hanyoyi Biyu a Gefen Iyaka Guda

A Jamhuriyar Nijar hukuma ta sa hannu. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda masu kayan gargajiya da masu jita suka zauna ƙarƙashin rufi guda. Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya yi suna da gurmi mai tsirkiya 2 kafin ya koma ga biram na mutanen Tafkin Chadi. Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda Yakuba Mumuni ya kafa a 1995, ta haɗa molo da kalangu da sarewa da bes. Mafi kusa da Daura shi ne Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya ɗauko karin bori ya ɗora a kan jita da bes da gangunan Turawa. Faifansa da Musa Fusi, Niamey Twice, ya fito a 1994, kaset-kaset ɗinsa kuma sun cika tashoshin mota na Arewacin Nijeriya kafin rasuwarsa a 2008. A irin wannan kiɗa, abin da mai bes yake yi bai yi nisa da aikin mai garaya ba.

A ɓangaren Nijeriya abin ya bi wata hanya dabam. An sami ƙungiyoyi masu kayan Turawa da suka yi waƙa da Hausa, kamar ta Bala Miller a Kaduna, amma sun tsaya a manyan birane, kusa da otal-otal da barikin soja. Mawaƙin da jama'a da sarakuna suka riƙa shi ne irin Mamman Shata, wanda kalangai suka ishe shi kaurin amo da rauji. Dangantakarsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, ta yi ƙarfin da a Daura aka binne shi bayan rasuwarsa a watan Yuni na 1999. A inda kalangu ya riƙe ƙasan kiɗa haka, bes ba ta da gurbin shiga.

Da gurbin ya buɗe kuma, wani ne ya riga ta. Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a 1990, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda ke ɗauke da muryoyin kayan kiɗa iri-iri a cikinsa. Mutum guda zai iya fitar da ganga da sarewa da bes, har da kwaikwayon amon tsirkiyar gargajiya, ba tare da yatsansa ya yi kanta ba. Ga mai shirya fim wannan sauƙi ne, domin mutum guda zai biya maimakon biyar. Ga sana'ar tsirkiya kuwa asara ce ta fuska biyu, don saurayin da a da zai bi mai gurmi, da wanda zai nemi jita, duka biyun sun nufi fiyano, daga baya kuma kwamfuta. Bayan Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, wuraren wasan bori da gidajen goge suka ƙara ja baya, su ne kuwa dandalin da mai garaya yake samun awoyin maimaicin da ke gina hannu. Filayen kokawa na bayan kaka da bukukuwan ƙauye su ne suka rage wa gurmi, kuma a kansu babi na huɗu zai tsaya.