Kwalekwalen Dufuna da Kayan Tarihin Nok: Darasi a kan Adana Kayan Gado

1.0 Gabatarwa

Itace ba ya jure wa gara da damina, shi ya sa kayan sufurin ruwa na mutanen da, irin su kwalekwale da filafili, ba kasafai suke kaiwa ga zamaninmu ba. Wannan maƙala za ta kwatanta makomar kwalekwalen Dufuna da ta kayan Nok na ƙasar Kwoi, domin nuna cewa darajar kayan tarihi tana tattare da sanin wurin da aka same su.

2.0 Kwalekwalen Dufuna

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani ya ci karo da wani katako yana cikin haƙa rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana, a Jihar Yobe ta yanzu. Labari ya kai ga hukuma. A 1994 masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt ta Jamus, wato Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin. Kwalekwale ne na madaci, mai tsawon mita 8.4, a zurfin kimanin mita 5. Awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato babu wanda ya girme shi a Afirka. Damshin ƙasa ne ya kare shi, kuma da yake masana sun same shi a makwancinsa, sai aka iya nazarinsa da kyau.

3.0 Kayan Nok

Garin Nok yana Ƙaramar Hukumar Jaba, mai hedikwata a Kwoi. A nan masu haƙar kuza suka fara tsintar gumakan yumɓu a 1928, kafin Bernard Fagg ya yi nazarinsu. Amma a shekarun 1990 dillalan kayan tarihi suka sa aka yi ta tone ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, ana fitar da gumakan zuwa Turai, duk da dokar 1979 da ta haramta haka. Gunkin da aka raba da makwancinsa ya zama abin ado kurum.

4.0 Kammalawa

Akwai hannunka-mai-sanda ga masana harshe. Kalmar jirgi ta kwalekwale ce tun asali, kafin a ara wa jirgin ƙasan da ya raya Kafanchan. Ya kamata a tattara kalmomin masassaƙa da masu fito daga bakin masu sana'ar, tare da rubuta inda aka ji su, tun suna raye.