2.3 Asalin Satar Fasahar Littattafai ta Intanet

Kafin a yanke wa masu satar fasahar littattafai hukuncin cewa kwaɗayin banza ne kurum ke jan su, ya dace a waiwayi inda al'adar ta samo tushe. Wannan bincike yana ganin cewa rashin samun littafi ya riga son araha zuwa.

A zamanin Tarayyar Sobiyet hukuma ce ke da maɗaba'u, kuma ita ke zaɓen abin da za a buga. Saboda haka sai jama'a suka ƙirƙiro hanyar da ake kira samizdat, wato mutum ya buga wa kansa. Akan kwafe haramtaccen littafi da keken rubutu da takardar kabon, a miƙa shi hannu da hannu, wanda ya karɓa shi ma ya kwafa. Da Tarayyar ta rushe a 1991 takunkumin ya kau, amma kuɗin bincike ya ƙafe, ɗakunan karatu na jami'o'i suka kasa sayen littattafan kimiyya daga Turai da Amurka. Malaman da suka saba da kwafe littafi sai suka koma ɗaukar hotonsa da na'ura suna musaya ta kwamfuta. Daga irin waɗannan tarin ne rumbun Library Genesis ya taso a Rasha wajejen 2008.

Kamfanonin buga littattafai ba su zura ido ba. A 2012 wata kotu a birnin Munik na Jamus ta sa aka rufe rumbun library.nu, sai dai yawancin littattafansa sun sake ɓulla a Library Genesis. A 2017 kuma wata kotu a Niyok ta yanke wa kamfanin Elsevier diyyar dala miliyan 15 a ƙarar da ya shigar kan Library Genesis da Sci-Hub. A 2022 hukumomin Amurka suka ƙwace adireshin Z-Library, bai daɗe ba ya dawo da wasu.

Ɗalibin Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan hali. Bayan tsarin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, littattafan waje suka fi ƙarfin aljihu, shagunan fotokwafi suka maye gurbin kantin littattafai a jami'o'i. Amma wannan uzuri bai shafi kowa ba. Wanda ya tura littafin marubuciyar Hausa a zauren WhatsApp ba tare da izininta ba, alhali kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ba da Elsevier yake faɗa ba, guminta ya ci.